Gwangwanin Tambaya a Ƙofar Kwaya

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan kun naɗe tabarmi kun kashe fitila, na tsaya a bakin zaure ina laluben takalmina ƙafa ɗaya, sai hannuna ya faɗa kan 'yan guntayen takardu a zube bayan ƙyaure. Tsoho ba ya rasa karambani. Na tsince su na zuba a aljihu, da na isa gida na baje su a kan buzu ina haɗa baki da baki kamar mai gyaran ƙwarya. Tambayoyi ne da aka jefa a gwangwaninku, aka ciro, aka duba, aka yage. Huɗu na iya haɗawa. A kan su nake son mu ɗan zanta, 'ya'yana, da kuma wannan rigima da ta raba ku gida biyu tun watan jiya.

Amma kafin nan, Allah ya yi muku albarka. Ba kowane saurayi ne zai bar majalisar mai shayi da kallon ƙwallo ya ɗauki tsintsiya ya share zaure, ya huda murfin gwangwanin madara ya ajiye a bakin masallaci, ya ce duk mai tambaya ya rubuta ya jefa ba. Kun nemo malami, wani mako ma'aikacin lafiya, ran nan har lauya kuka kawo ya yi bayanin takardar fili. Ni da na fi shekara 70 ina zuwa in zauna a gefe, kuma ba na tashi hannu wofi. Don haka abin da zan faɗa gyara kayanka ne, ba sauke mu raba ba.

Takarda ta farko zagi ce tsagwaronta, an kama sunan wani mutumin unguwa an jingina masa magana, aka liƙa alamar tambaya a ƙarshe don a ce tambaya ce. Wanda ya yaga ta ya yi daidai, ni ma da ni ne wuta zan sa mata. Ta biyu kan zaɓe ce, wa za a zaɓa wa za a bari, kun kuwa ce tun farko ba a siyasa a zauren nan, to babu laifi. Ta uku zan dawo kanta. Ta huɗun ce ta hana ni barci.

Rubutu ne na wanda biro ba ta saba da hannunsa ba, baƙaƙen manya-manya, wasu a karkace. Ga abin da ya ce: idan mutum yana sallah ya rasa raka'a uku ya yi ko huɗu, yaya zai yi? Shi ke nan. Na kuwa tuna lokacin da aka ciro ta. Mai riƙon gwangwani ya karanta rabinta da ƙarfi, ya ɗaga kai ya ce, "Haba jama'a, ƙabli da ba'adi kuma? Sau uku fa ana amsa wannan. Wanda bai ji ba ya tambayi na kusa da shi." Aka yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, irin ta waɗanda suka san abu. Ya yage ta ya ciro wata. Ni kuwa inda nake zaune ina fuskantar ƙofa ne. Ba a yi minti biyar ba na ga wani magidanci, da baƙin mai a farcensa irin na masu aikin babura, ya zame a hankali ya ɗauki takalmansa a hannu, bai sa su ba sai da ya yi nisa. Ban taɓa ganinsa a zaman ba sai ranar. Ba zan rantse shi ne mai takardar ba, amma zuciyata ta ba ni.

Ku duba lissafin nan da ni. Amsar tambayarsa, yadda muka karanta a Ahalari tun muna yara, ba ta wuce numfashi biyu ba: ya ɗauka uku ya yi, ya ƙara ɗaya, ya yi ba'adi bayan sallama. Lokacin da aka kashe wajen faɗin cewa an riga an amsa ya ishi a amsa ɗin har a sha ruwa. Kuma wa aka amsa wa sau uku? Waɗanda suka zo a waɗancan makonni. Shi bai zo ba. A wurinku tambayar ta tsufa, a wurinsa kuwa watakila jiya da La'asar ta same shi, yana tsaye a kan kwali a gefen shago, ya rasa yadda zai yi. Malaman zauren garin nan sun shekara ɗaruruwa suna biya Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, baƙi ɗaya, fassara ɗaya, ɗalibi ya tashi wani ya zauna. Ban taɓa jin wanda ya ce wa almajiri, "Ai na fassara wannan babin bara" ba.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya a ciki: lokaci kaɗan ne, tsakanin Isha'i da ƙarfe goma, takardu sun fi talatin, in aka tsaya maimaici sababbin tambayoyi ba za su samu shiga ba, masu zuwa kullum kuma za su gaji su daina. Haka ne. To ku nemi dabara. Ku sayi littafin rubutu na makaranta, duk tambayar da aka amsa a rubuta ta da amsarta, a ajiye wurin ladan. In irinta ta sake fitowa, a amsa a gajarce, a ce mai son ƙarin bayani ya tsaya bayan an tashi, ga wane zai zauna da shi. Abin da ba na so shi ne mutum ya fita yana jin cewa rashin saninsa ne ya ɓata wa jama'a lokaci.

Ba daga sama nake faɗin wannan ba, na taɓa yin wanda ya fi naku muni. A 1976, shekarar da aka buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, aka tura mu azuzuwa muna samari, horon namu bai gama nuna ba, yara sun cika aji har bakin taga. Wata rana wata yarinya 'yar kimanin shekara tara ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa in ina tafiya da dare wata yake bi na, in na tsaya ya tsaya?" Ajin ya kwashe da dariya. Na buga alli a allo na ce a bar tambayar banza, lissafi muke yi. Gaskiyar maganar ita ce ban san amsar ba. Da na sani da na faɗa, har in yi tinƙaho. Rashin sanina na ɓoye a bayan doka, na ce ba lokacinta ba ne. Yarinyar nan ta gama shekarar a ajina ba ta sake ɗaga hannu ba. Daga baya na karanta cewa tsabar nisan wata ne ya sa 'yar tafiyarmu ba ta canja inda muke hango shi, alhali itatuwa da gidaje na kusa suna wucewa baya. Na san amsar yanzu, shekara kusan hamsin, babu wadda zan ba.

Shi ya sa duk lokacin da na ga mai riƙon gwangwani ya ce wannan ba ta dace ba, nakan so ya tambayi kansa a ɓoye: ba ta dace ba ne, ko dai ni ce ta fi ƙarfina?

Mu mutanen bakin ƙofa ne, ya kamata mu fi kowa sanin wannan aiki. A da kowace ƙofa ta birnin nan da mai tsaronta, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka, da tamu ta Kwaya. In dare ya yi a rufe, in gari ya waye a buɗe wa masu itace da masu nono da fatake. Sarkin ƙofa yana da ikon tsayar da baƙo ya tambaye shi daga ina, zuwa ina, amma birnin ba nasa ba ne, kuma ba a auna ƙwazonsa da yawan waɗanda ya mayar. Lokacin da Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Katsina a 1851, ya tarar da ganuwa mai tsawo da kauri tana nan daram, amma mafi yawan abin da ta kewaye fili ne da gonaki, jama'a sun tattare a ɓangare guda, kasuwanci ya koma Kano. Nakan tuna wannan in na ga zama ya cika dokoki, tabarma kuwa rabinta babu kowa.

Takarda ta uku da na ce zan dawo kanta, tambaya ce ta mata, kan al'amarin tsarki, da alama wata ce ta ba ƙaninta ko ɗanta ya jefa mata. An yage ta, ina zato don kunya, kada a karanta a gaban manya. Kunya abu ne mai kyau, ba ni zan hana ku ita ba. Amma ku tuna Sayyadina Ali, Allah ya ƙara masa yarda, ya taɓa samun matsala irin ta maza da ya ji nauyin kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shi mijin 'yarsa ne, sai ya tura Miƙdadu ya tambayar masa, aka kuma ba da amsa. Nana A'isha ta yabi matan Madina da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Gwangwanin nan naku shi ne Miƙdadun wanda ba zai iya tsayawa a gaban jama'a ba. In lafazin ya yi tsirara, mai karantawa ya suturta shi, ai Hausa ba ta rasa zanen rufe magana ba. In kuma ba ta karantuwa ko ta yaya, a miƙa wa malam a hannu, ya san yadda zai saƙa amsar cikin bayaninsa, mai ita ta ji daga bayan katanga. Sannan don Allah ku bar wannan ɗabi'a ta ɗaga takarda a fitila ana cewa, "Wannan rubutun kamar na wane." Ranar da aka gane mutum ɗaya ta hannunsa, mutum goma sun daina jefawa.

Tambaya ba baƙuwa ba ce a garin nan. A ƙarshen ƙarni na 15, Imam Suyuɗi yana zaune a Alƙahira ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan wannan yanki, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. A 1493 kuma wata doguwar takardar tambayoyi ta isa hannunsa daga wani malami na ƙasashen Takrur, ta ratsa Sahara a bayan raƙumi, ya amsa ta, amsar tana nan cikin littafin fatawowinsa. Ku kwatanta: mutum ya rubuta tambaya ya jira ayari ya je ya dawo. A wannan zamanin dai Shehu Magili ya zo daga arewacin Afirka, ya zauna Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa, ya bi ta Katsina, sannan ya wuce Gao inda Askiya Muhammadu ya jera masa tambayoyi. Ta farkonsu ita ce ta fi ba ni sha'awa. Kafin Askiya ya tambayi hukuncin yaƙi ko na haraji, sai ya fara da masu amsar kansu: ga mutane a ƙasarsa ana kiransu malamai, suna da littattafai, amma Larabcin bai zauna musu ba, suna juya magana, shin ya bi su ko kuwa? Magili ya raba masa malaman kirki da miyagun malamai, ya ce da halinsu ake gane su. Bayan shekara ɗari uku Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana ta kafa hujja da waɗannan amsoshi.

Wato tun wancan lokaci an gane cewa tace masu amsa ya fi tace masu tambaya wuya, kuma ya fi shi amfani. A zaurenku kuwa na ga akasin haka. Takarda sai an juya ta gaba da baya kafin a karanta, amma da malam ya ce, "Ko akwai mai ƙari?" sai lasifika ta tafi hannun wanda ya fi saurin miƙewa. Akwai mutum biyu ko uku da ba a taɓa tambayar da ba su da ƙari a kanta ba, daga rabon gado har ciwon suga. In muryarsu ta yi daɗi a yi kabbara, in kabbara ta yi ƙarfi a ɗauka magana ta zauna. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, gaskiya ne, amma a wajen ɗaukar jinka. Yawan masu gyaɗa kai ba ya mayar da kuskure daidai.

Imam Malik, wanda muke bin mazhabarsa, an ruwaito an taɓa yi masa tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Wani kuma ya yi tafiyar watanni ya kawo masa tambayar mutanen garinsu, Malik ya ce bai san amsarta ba. Mutumin ya ce to me zai koma ya faɗa musu? Ya ce ya faɗa musu Malik ya ce bai sani ba. Tunda kuka fara zaman nan, ban ji an furta "ban sani ba" ta lasifika ko sau ɗaya ba, sai a bakin malamin nan dattijo da kuka gayyato daga cikin gari, wanda ya ce a ba shi mako guda ya duba. Na lura wasunku sun ɗan yi yaƙe, kamar ya ba ku kunya. Ni kuwa a ranar na ƙara matsawa kusa da shi.

Akwai wani labarin na Malik da ya shafi mai riƙon gwangwani kai tsaye. Wani ɗalibi, Asadu ɗan Furatu, ya zo Madina daga Ƙairawan, a ƙasar Tunisiya ta yau. Shi irin mutanen nan ne da ba a gama ba su amsa sai sun ce, "To in kuma kaza ne fa?" A amsa, ya sake cewa, "To in kuma kaza ne fa?" Malik ba ya son tambaya kan abin da bai faru ba. Da abin ya ishe shi, sai ya ce masa in irin wannan yake so, to ya tafi Iraƙi. Asadu kuwa ya tafi, ya yi karatu wurin almajiran Abu Hanifa, daga baya ya sauka Masar ya juye tarin tambayoyinsa a gaban Ibnul Ƙasim, babban almajirin Malik. Waɗannan tambayoyi da amsoshinsu su ne Sahnunu ya sake bi ya tace suka zama Mudawwana, uwar littattafan mazhabar. Ku dubi abin nan da kyau. Malik ya ƙi tambayar a zaurensa, yana da ikon haka, kowane zaure da abin da aka kafa shi a kai. Amma da zai sallami mai ita sai ya nuna masa hanya. In takarda ta fito kan rikicin gida tsakanin magada, kada ku ce kawai ba a nan ba. Ku ce wannan ta alƙali ce, ko ta mai unguwa. In ta ciwo ce da ke son gwaji, ku ce a je asibiti gobe da safe, kada a tsaya jiran Alhamis. Yaron nan kuma mai yawan "in kuma kaza ne fa" da kuke kira Sarkin Gardama, ku yi haƙuri da shi, ba ku san abin da Allah zai fitar daga bakinsa ba.

To, mu zo kan rigimar. Ina wurin aka yi ta, don haka ba ji na yi ba. An yi tambaya kan sayen waya bashi, a biya kaɗan-kaɗan da ƙarin kuɗi a kan farashin hannu. Malam ya amsa. Wani ɗalibin jami'a ya miƙe ya ce ya karanta saɓanin haka, ya faɗi inda ya gani. Wani almajirin malam ya miƙe ya ce wannan rashin ladabi ne. Murya ta hau murya. Ba zan ce ga mai gaskiya a mas'alar ba, ba fagena ba ne, malamai ma sun yi magana a kanta da faɗi. Abin da ya biyo baya ne nawa. Shugaban zama, wanda kowa ya san abokin almajirin ne tun suna makarantar allo, ya karɓe lasifika daga hannun ɗalibin yana tsakiyar magana. Kashegari aka soke sunansa daga littafin 'yan ƙungiya, aka cire shi daga rukuninku na waya, ba a kira shi an ji ta bakinsa ba. Da abokansa suka tambayi dalili, aka nuna musu doka a jikin bango: ba a jayayya da malami. Na je na duba takardar dokokin da tabarau. Bakwai na farko da shuɗin biro aka rubuta su, rana ta ci su sun koɗe. Ta takwas da baƙi ce, sabuwa fil.

'Ya'yana, dokar da aka haifa bayan laifi ba ta kama mai laifin. Ko da tana da kyau, ta jira na gaba. Kuma wanda rigima ta shafi abokinsa ba ya zama alƙalinta, ko da kuwa zai yi adalci, don ba wanda zai yarda adalcin ya yi. Ku huɗu ne masu riƙe da zaman. Da shugaba ya ce, "Ni wannan ta taɓa ni, ku ukun ku duba," da girmansa ya ƙaru. Ɗalibin ma ba na wanke shi. Ya ɗaga murya a gaban wanda ya isa ya haife shi, kuma akwai yadda ake kawo saɓani a zaure: a ce, "Allah gafarta malam, na ga wani ƙauli, ko za a warware mini?" Maganar ɗaya ce, tufafinta ne daban. Amma ladabi a gefe ake koyar da shi. Annabi, in ya ga an yi ba daidai ba, sau da yawa yakan hau mumbari ya yi magana a kan wasu mutane ba tare da kama suna ba. Balaraben ƙauyen nan da ya yi fitsari a masallaci, sahabbai sun taso masa, Annabi ya ce a ƙyale shi ya gama, a zuba ruwa a wurin, sannan ya kira shi ya yi masa bayani. Shi wancan masallaci ya ɓata. Naku lasifika kawai ya riƙe fiye da ƙima.

Abin da ya fi damuna ma shi ne da aka ce an goge duk abin da ya rubuta a rukunin, har da hujjar da ya kawo, aka bar martanin da aka yi masa. Wanda ya zo daga baya sai ya ga amsa babu tambaya, kamar mutum yana dambe da iska. Shehu Laminu na Borno ya rubuto wa shugabannin jihadi wasiƙu masu zafi, yana tuhumarsu da yaƙar Musulmi 'yan'uwansu. Wannan ba saɓanin sayen waya ba ne, jini ne a tsakani. Amma da Muhammadu Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya kwafe maganar Laminu ya sa a littafinsa, sannan ya biyo ta da amsa. Yau abin da mafi yawanmu muka sani na hujjar Laminu, ta hannun abokin jayayyarsa muka san shi. Bello bai ji tsoron mai karatu ya ga ɓangare biyu ba.

Yanzu ga shi ɗalibin da abokansa sun buɗe nasu zaman ranar Talata a wancan layin, da nasu gwangwanin. Kuna cewa su suka ɓalle, suna cewa ku kuka kore su. Ni wannan fim ɗin na taɓa kallonsa. Ina yaro ana rigimar ƙabalu da sadalu, a kama hannu a ƙirji ko a sake shi, har maƙwabci ya daina bin maƙwabcinsa sallah. Na girma na ga wata, bayan kafa Izala a Jos a 1978, tsakaninta da 'yan ɗariƙa, masallaci ɗaya ya zama biyu, wa da ƙani suka daina cin tuwo a kwano guda. Da yawa daga waɗanda suka yi zafi a lokacin yau tare suke zama a benci ɗaya suna jiran jikoki su taso daga Islamiyya, in an tuna musu sai su girgiza kai. Amma shekarun da suka tafi a gaba sun tafi. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma suna yi. Duk hukuncin da za ku yanke wa ɗan unguwa, ku sa masa ranar ƙarewa. Mako biyu, wata guda, sannan wani babba ya je har gida ya ce masa tabarmarsa tana nan.

Ku kuma sauran, masu zama a baya kuna ƙorafin shugabanni sun cika mulki, ina da 'yar magana da ku. Waɗannan huɗun ba a biyansu ko sisi. Su ke sayen man janareta in an ɗauke wuta, su ke zuwa ɗauko malam a babur, su ke karanta zagin da ake jefawa a gwangwani su haɗiye don kada ku ji. Mutumin da ya shekara yana tsintar ƙaya, hannunsa yakan yi kanta, har fure ma ya fizge shi da ƙarfi. Marigayi Abubakar Imam, wanda ya koyar a Midil ta Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, ya shekara goma sha biyu a kujerar, yana zaɓen wasiƙar da za ta shiga jarida da wadda za ta jira. Mu kuma da muka taso muna kewaye rediyo muna sauraron Amsoshin Takardunku na BBC, mun san ba duk takardar da aka aika ake karantawa ba. Tacewa dole ce, wani ne zai yi ta, kuma duk wanda ya yi ta sai an ji haushinsa. Maganin shi ne kada ta daɗe a hannu ɗaya. Ku riƙa karɓa-karɓa, wata uku-uku. Mai ƙorafin yau ya riƙe gwangwanin gobe ya ji nauyinsa, wanda ya riƙe jiya kuma ya koma baya ya rubuta tasa tambayar, ya zauna zuciyarsa na bugawa yana jiran ko za a karanta.

Takardar ƙabli da ba'adin nan na liƙe ta da ƙullun fulawa, ta bushe, tana cikin aljihun rigata. Jiya na bi ta layin masu gyaran babura na hango mutumin a tsugunne yana kwance ƙafar wani babur, na yi masa sannu da aiki, na ce zaman Alhamis yana nan, ni ma ƙafata ba ta son tafiyar dare ni kaɗai, ko zai biyo mini? Ya ce to, Baba, in Allah ya kai mu. Zan riga ku zuwa in jefa ta a gwangwani. Wanda duk ta faɗo hannunsa zai gane ta, tana da tabon liƙi a tsakiya. Ya karanta ta har ƙarshe, a hankali, ya miƙa wa malam.